Rigar Ruwa a Bazara

Ranar da Yusha'u ya ture kofin ruwa a wajen cin abinci ne yayarsa Sa'adiya ta fara lura da abin da ake ciki. Bazarar shekarar 1977 ce, rana tana narka kwalta a titunan Kaduna, kuma a gidansu na Doka ba wanda ke wuce randa bai tsaya ya sha ba. Shi kuwa ya koma gefen tabarma da wani gwangwanin madara kusa da ƙafarsa, yana tauna cingam yana tofa yawu a ciki.

"Wannan kuma wace irin ƙazanta ce?" in ji Sa'adiya.

"Umarnin Koci ne, Yaya. Nauyi nake ragewa."

"Da tofar da yawu?"

"Duk abin da ya fita daga jiki ragi ne."

Ta dube shi da kyau. Leɓensa ya bushe ya tsattsage, idanunsa sun faɗa. Sa'adiya ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti cikin gari, ta dawo gidan iyayenta da zama tun da aka tura mijinta kwas Ibadan. Irin wannan fuskar ta saba ganinta a kan gado, wajen masu amai da gudawa, ba wajen lafiyayyen saurayi mai koyon aikin lantarki ba.

Yusha'u ɗan dambe ne, damben zamani na safar hannu, a wani kulob da ake kira Garkuwa a Abakpa. A irin wannan dambe ana kasa 'yan wasa aji-aji gwargwadon nauyinsu, kuma sai mutum ya hau sikeli kafin a bar shi ya shiga fili. An kusa gwajin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha a wata babbar gasa, ga shi Yusha'u ya ƙara tsawo da kauri a cikin shekarar, ya fi ƙarfin ajinsa. Maimakon a matsar da shi aji na gaba, sai mai horar da su, Koci Sanda, ya ce a'a. Yana da wani ɗan dambe a can wanda yake ji da shi, saboda haka dole Yusha'u ya rage nauyi ya koma inda yake a da.

Washegari da ta tashi daga aiki ba ta nufi gida ba, sai Abakpa. Kulob ɗin wata rumfar kwano ce a bayan garejin kanikawa, an rataye buhunan yashi a ciki, zafi kamar bakin tanda. Sanda tsohon soja ne, gajere mai faɗin ƙirji, usur rataye a wuyansa.

"Sista, sannu da zuwa," in ji shi. "Kin zo ki ga yadda muke gyara miki ƙani?"

"Na zo roƙonka ne, Malam Sanda. Ka bar yaron nan ya sha ruwa."

"Ruwa nauyi ne. In ya hau sikeli ya zarce, ke za ki yi masa damben? Zufar nan da kike gani, kitse ne yake narkewa."

"Ba kitse ba ne, ruwan jikinsa ne." Ta yi ƙoƙari ta sassauta murya, domin samarin sun daina dukan buhu sun kasa kunne. "Duk mai gudu ko dambe, naman jikinsa zafi yake haɗawa, kamar injin mota. Jini ne ke kwaso zafin ya kawo shi fata, zufa ta fito, iska ta busar da ita, zafin ya tafi tare da ita. In ba ruwa a jiki, jini zai ragu, zuciya ba za ta iya ciyar da ƙafafu ta kuma kai jini fata a lokaci guda ba. Sai zafin ya taru a ciki. Ga shi kuma bazara ce."

Sanda ya saurare ta yana murmushi, irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro in yana ba da labari.

"Ni na yi yaƙi, Sista. Na yi tafiya da kaya a baya cikin dajin da ba ki taɓa ganin irinsa ba, ba wanda ya bi ni da buta. Ke aikinki allura da wanke ciwo. Nan maza ake ginawa."

Ya busa usur, samarin suka koma dukan buhu. Yusha'u bai ko dube ta ba, kunya ta kama shi a ce yayarsa ta biyo shi har wajen horo.

A gida ta kai ƙara wajen mahaifinsu, Malam Abdurrahim, akawu a ma'aikatar gwamnati, mutumin da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Ya ninke jaridarsa ya ce, "Namiji ne, Sa'adiya. Mutumin nan ya daɗe yana aikinsa, ba wanda ya taɓa mutuwa a hannunsa. Ki bar su."

Ranar Asabar ta dawo daga aikin safe rana tana tsakiya. Ko takalmi ba ta cire ba mahaifiyarsu, Inna Mero, ta tare ta a tsakar gida.

"Ni dai ban gane ba," in ji Inna. "Ko gajimare babu, ɗan'uwanki ya ɗauki rigar ruwan Babanku ya fita da ita. Har da suwaita ya saka a ciki. Wai Katabu za a kai su a mota, su dawo Kawo a guje."

"Baƙar nan ta roba?"

"Ita."

Sa'adiya ba ta jira ƙarin bayani ba. Ta juya ta fita. A gindin dalbejiyar ƙofar gida maƙwabcinsu Ɗanasabe, direban tasi, yana zaune yana cin ɗanwake.

"Ɗanasabe, tashi ka kai ni hanyar Zariya."

"Sista, bari in ƙarasa..."

"Rai ne. Tashi!"

Ya ajiye kwanon.

Bayan sun wuce Kawo suka fara cin karo da 'yan kulob ɗin, ɗaya nan ɗaya can, ba riga a jikinsu, suna gudu suna haki. Yusha'u ba ya cikinsu. Sai da suka kusa Katabu suka hango motar kulob tana rarrafe a gefen titi, a gabanta kuma wani baƙin abu yana tangaɗi, ya hau kwalta ya sauka, ya sake hawa. Sanda ya leƙo ta taga yana dukan ƙofar mota da tafin hannu.

"Ɗaga ƙafa! Mace ce kai? Ɗaga ƙafa!"

Tasi ba ta gama tsayawa ba Sa'adiya ta fito. Ta sha gaban ƙaninta tana kiran sunansa. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya faɗi wata magana marar kai a kan wayar wuta, ya kawo mata naushi wanda ya wuce ta gefen kunnenta, sannan gwiwoyinsa suka lanƙwashe ya zube a ƙasa.

Ta durƙusa ta kama rigar. An ɗaure bakin hannayen da igiyar roba, an ɗaure ƙugu da wuya, don kada iska ta sami hanyar shiga. Ta fizge maɓallan, ta yaga sauran da haƙori. Ruwa ya tsiyayo daga cikin hannayen rigar kamar an juye buta, suwaitar ta jiƙe sharkaf. Duk zufar da jikinsa ya fitar don ya huce tana nan a kulle, ko ɗigo ɗaya bai bushe ba. Ta taɓa ƙirjinsa, sai ta ji kamar ta taɓa murfin tukunya a kan wuta. Jijiyar hannunsa tana bugawa da sauri, ba ƙarfi. Ta zaro ma'aunin zafi daga aljihun rigar aikinta ta saka masa a hammata. Da ta duba ya haura ɗari da shida, inda na mai lafiya ba ya kai ɗari.

Sanda ya sauko daga mota ba tare da gaggawa ba.

"Gajiya ce kawai. A ja shi inuwa, a rufa masa rigar kada iska ta buge shi, yanzu zai tashi."

Sa'adiya kuwa tana lissafin nisan asibiti ne, ta ga in suka ɗauke shi a haka, zafin zai gama dafa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda kafin su kai. Ta ɗaga kai tana dube-dube. A ɗaya gefen titi akwai masu buga bulo, kuma a gindin wani mangwaro suna da tankin siminti wanda zurfinsa ya kai ƙugu, cike da ruwan rijiya.

"Ɗanasabe, kama ƙafafunsa!"

Suka tsallaka titi da shi. Masu bulo suka ajiye shebur suka taso. Babbansu, wani dogon Bakatsine da suke kira Ila, ya gane abin da take shirin yi, ya tsaya a gaban tankin ya buɗe hannuwa.

"Mi za ki yi, baiwar Allah? Jiki na wuta haka ki tsoma shi ruwan sanyi? Wallahi jini zai daskare mishi. Ko mu in mun yi aiki sai mun huce muke wanka."

"Malam, ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Aikin asibiti nake yi. Don Allah matsa."

Sanda ya iso ya damƙi damtsenta. "Kada ki kuskura! In kika shanye masa jiki, ni za a tambaya."

Nan ne ranta ya gama ɓaci. Ta doke hannunsa da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Kai za a tambaya? Ai kai ɗin ne za a tambaya! Kai ka kulle shi a cikin roba da tsakar rana, ka hana shi ruwa, ka bi shi da mota kamar jaki! Sake taɓa ni ka gani!"

Ɗanasabe, wanda shi ma bai yarda da ruwan sanyin ba a ransa, ya dubi fuskar Yusha'u, ya ga idanun sun juye. Ya ce, "Malam Ila, in an bar shi ma tafiya zai yi. Ku bar ta."

Ila ya matsa yana salati.

Sa'adiya ta cire takalmi ta shiga tankin da farin yunifom ɗinta. Sanyin ruwan ya sa ta ja numfashi da ƙarfi ba da sonta ba. Suka miƙo mata shi, ta jingina bayansa a ƙirjinta, ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa, ta tallafe haɓarsa don kada ruwa ya shiga hancinsa. Daga wuya zuwa ƙafa duk yana cikin ruwa.

"Ku riƙa motsa ruwan," in ji ta. "Wanda ke jikinsa yana ɗumama, a kore shi sabo ya zo. Ku jawo wani daga rijiya ku zuba masa a kai."

Ɗanasabe ya naɗe hannun riga ya shiga kaɗa ruwa. Ila ya tsaya jim, sannan ya ɗauki guga ya nufi rijiya yana gunaguni, mutanensa suka bi shi.

Kafin wani lokaci jama'a sun taru, matafiya da matan gidajen kusa. Sa'adiya tana jin maganganunsu a bayanta. Wata ta ce iska ce ta buge shi, rubutu ya kamata a nemo. Wani ya ce 'yan boko ba su da tausayi. Ita dai yatsunta suna kan jijiyar wuyansa. Ta san ruwa yana janye zafi daga fata da saurin da iska ba ta kusa da shi, amma wanda ke kwance a ƙirjinta shi ne yaron da ta goya yana jariri. Ya yunƙura ya yi amai, ba komai a cikinsa sai kumfa, ta karkata masa kai. A hankali saurin bugun jijiyar ya fara raguwa, ƙarfinsa ya ƙaru. Numfashinsa ya daina sarƙewa.

Can sai tsikar jikinsa ta tashi, haƙoransa suka fara haɗuwa, kafaɗunsa suna karkarwa.

"Kin gani ko!" in ji Ila. "Sanyi ya kama shi!"

"Alhamdu lillahi," in ji Sa'adiya. Ta sake auna shi, ta ga zafin ya sauko sosai. "Jikinsa ne ya dawo hayyacinsa, ya ji sanyi yana neman kare kansa. Yanzu ne lokacin fito da shi. In muka ƙara barinsa zai zarce, don ko a waje zai ci gaba da hucewa."

Suna ɗaga shi ya buɗe ido. Ya dubi mangwaron, ya dubi taron, ya dube ta.

"Yaya," in ji shi, murya can ƙasa, "me kike yi a cikin ruwa?"

Aka kwantar da shi a kujerar baya, ta ɗora kansa a cinyarta, Ɗanasabe ya ja mota. Da ta waiwaya ta nemi motar kulob, ba ta nan. Sanda ya tafi Kawo don ya ga wanda ya fara isa.

A asibiti aka saka masa ƙarin ruwa. Fitsarin da ya fara yi baƙi ne kamar shayin da ba madara, likita ya ce naman jiki ne ya ƙone yake fita ta ƙoda, kuma sai an sa ido sosai. Kwanaki aka yi ana fargaba kafin fitsarin ya washe. Likitan ya gaya wa Malam Abdurrahim a gaban kowa cewa da an kawo yaron da zafinsa, da wuya a ce an sallame shi da ƙafafunsa. Aka yi gwajin zaɓe Yusha'u yana kan gado.

Sa'adiya ta ɗauka magana ta ƙare ke nan, saura a kira Sanda a tuhume shi. Ashe wani labari ne yake yawo a Abakpa. Sanda ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa yaron gajiya kawai ya yi, ya zauna ya huta, sai ga yayarsa ta zo da ihu ta jefa shi cikin ruwan sanyi da zufa a jikinsa, sanyi ya shige masa ƙoda. Labarin ya zauna daidai a kunnen mutane, domin kowa ya tashi yana jin ana cewa kada a yi wanka jiki na zafi. 'Yan kulob da suka zo dubiya suka kawo shi har bakin gadon Yusha'u, shi kuwa ba abin da yake tunawa tun daga fitowarsu daga Katabu.

Da yamma ta kawo masa kunu, ya juya fuska ya kalli bango.

"Yusha'u, lafiya?"

"Saura kaɗan in kai nauyin," in ji shi. "Koci ya ce da kin bar ni, da yanzu sunana yana cikin waɗanda aka zaɓa. Shekara nawa ina jiran wannan? Kin zo kin tsoma ni a ruwan bulo a gaban mutane."

Ta tsaya da kwanon a hannu. Ta ajiye kunun a kan lokar gefen gado ta fita baranda, ta kama ƙarfen barandar ta riƙe har tafin hannunta ya yi ja. Tun da abin ya faru ba ta yi kuka ba sai a nan, kuma ba na baƙin ciki ba ne, na takaici ne.

A gida ma Baba ya ce, "Na ji abin da likita ya faɗa, amma mutane suna magana. Tun da Allah ya tashi kafaɗarsa, a bar zancen."

"Baba, akwai wasu yaran a hannunsa."

"Suna da iyayensu."

Ba ta bari ba. Ta yi ta zirga-zirga har shugaban kwamitin kulob ɗin, Alhaji Maliki, wani ɗan kwangila mai ofis a Doka, ya yarda a zauna. Ta je bayan la'asar tare da Ɗanasabe, da ƙunshi a hammata. Ta tarar da Alhaji da dattawa biyu na kwamiti, da Sanda cikin farar riga, fanka tana juyawa a kansu, an jera musu lemo mai sanyi.

Sanda ya ba da nasa labarin a natse. Ɗanasabe ya faɗi abin da ya gani, amma da aka tambaye shi ko shi likita ne, sai ya ce a'a. Sa'adiya ta kwance ƙunshinta ta shimfiɗa yagaggiyar rigar ruwan a kan tebur, da igiyoyin robar a jikinta.

"Ranka ya daɗe, ga abin da aka saka masa. Ba na ce ka yi gudu ba. Ka saka ta kawai, a ɗaure maka hannu da wuya yadda aka ɗaure masa, ka zauna nan ƙarƙashin fankarka har mu gama magana."

Alhaji Maliki ya yi dariya ya ture rigar da bayan hannu. "Haba 'yata, da wannan zafin?"

"Da wannan zafin, ranka ya daɗe. Kana zaune a inuwa ka ƙi. Shi a kan kwalta aka sa shi gudu da ita, ba ruwa a cikinsa. Iskar fankar nan ba ta da sanyi, zufarka take busarwa shi ya sa kake jin daɗi. In an rufe fata da roba, ta ina zafin zai fita?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara zama, ya dubi Sanda. Sanda ya ce haka ake yi ko'ina a duniya, manyan 'yan dambe ma haka suke rage nauyi, kuma shi ba a taɓa ɗaga masa murya a gaban yaransa ba sai ranar, har da dukan hannu.

Daga nan zancen ya juya. Aka bar maganar riga aka koma maganar ladabi. Alhaji ya ce tsautsayi ne, kowa da niyyar alheri ya yi abin da ya yi. Gasa ta matso, ba za a canza mai horo yanzu ba. Daga yau za a riƙa ɗora duro na ruwa a mota in za a fita gudu. Ita kuma, tun da Sanda ya girme ta, ta ba shi haƙuri a kan abin da ya faru a bakin titi, a rufe magana.

"Rigar fa?" in ji Sa'adiya. "Za a hana?"

"Wannan sha'anin masu horo ne."

"To ni kuma in ba shi haƙuri."

"Shi ne zaman lafiya, 'yata."

Ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, kai uba ne. Amma mutumin da ya bar ƙanina a sume ya tafi duba wanda ya zo na ɗaya, bai taka asibiti ba, sannan ya ɗora mini laifi, ba zan ba shi haƙuri ba. In wani yaron ya faɗi, ku tuna an gaya muku a wannan ɗakin."

Ta fita ta bar musu rigar a kan tebur.

Bayan an sallami Yusha'u ya yi makonni ba ya yi mata magana sai gaisuwa. Ƙarfinsa bai dawo da wuri ba, in ya ɗan yi tafiya a rana sai jiri ya kama shi. Wata ranar Lahadi ya fita bai faɗa wa kowa ba, ya hau mota zuwa Katabu, ya nemi masu bulo. Ila ya gane shi tun daga nesa, ya rungume shi. Ya gaya masa yadda aka kawo shi kamar gawa, yadda idanunsa suka juye tun kafin ya taɓa ruwa, da yadda ya farfaɗo a cikinsa. Ya ƙara da cewa shi har yanzu ba zai yi wa nasa ɗan haka ba, amma abin da idonsa ya gani ba zai ɓoye ba.

Yusha'u ya dawo gida ya sami Sa'adiya tana guga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yaya, wai har naushi na kawo miki?"

"Ka kawo. Ka yi sa'a ba ka iya saiti ba."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya sunkuyar da kai. Washegari ya je Abakpa ya kwaso safar hannunsa da takalminsa. Sai bayan damina ya koma dambe, a wani kulob, a ajin da ya dace da jikinsa. Ya yi wasanni ya ci wasu, amma ba a taɓa zaɓensa ya wakilci jiha ba. Ɗan damben da Sanda yake ji da shi kuwa ya ciwo lamba a gasar, aka yi liyafa, Alhaji Maliki ya yaba wa Koci Sanda a gaban jama'a a kan iya horo.

Watanni bayan haka, Sa'adiya da mahaifinta suna dawowa daga wani suna a Abakpa, sai ga Sanda a kan keke. Ya sauka ya gaida Malam Abdurrahim da girmamawa, sannan ya juyo da fara'a.

"Sista, ya jikin yaron namu? Sanyin ya sake shi?"

Ta tsaya ta dube shi ido cikin ido.

"Yana nan da ransa," in ji ta, "kuma ba yaronka ba ne."

Ta yi gaba. Da Baba ya cim mata ya ce, a hankali, bai kamata ta amsa wa babba gaisuwa haka ba.

"Baba, iyakar abin da zan iya ke nan," in ji ta, ta ɗaga hannu ta tsayar musu da tasi.